Wai dole sai na iya jometiri da aljabra kafin in koyar da 'yan firamare?

'Yar Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda sunka riga mu yin NCE, wato takardar shaidar malanta ta kwalejin ilimi, ko suke koyarwa a firamare yanzu haka. Ni ina aji biyu a kwaleji, PES nake karantawa wato ilimin koyar da 'yan firamare, kuma in Allah ya kai mu ba da jimawa ba za mu fita TP wato gwajin koyarwa a makarantu. Gaskiya tun ina sakandare lissafi bai zauna min ba, kiredit ɗin ma sai da na zauna jarabawa sau biyu kafin na samu, kuma cikin abin da ya sa na zaɓi ɓangaren firamare har da tunanin cewa ai lissafin yara ne, tarawa da ɗebewa da sau da rabawa, wanga kam na iya. To sai ga shi kwas ɗin da ake mana akwai aljabra akwai jometiri wato lissafin siffofi har da furobabiliti wato lissafin yiwuwar abu, ni dai haddace fomula nake in shiga jarabawa in zube in fito, bayan sati biyu ko ɗaya ba ni iya tunawa.

Abin da ya tayar min da hankali shekaranjiya ya faru. Akwai yaron maƙwabtanmu ɗan aji biyar da nake wa lesin bayan la'asar, ya zo da aikin gida an zana rektangul tsawo santimita 8 faɗi santimita 5 an ce ya nemo kewaye da girman fili. Na rubuta mai fomula guda biyu ya yi ya samu 26 da 40, na ce madalla. Sai ya ɗago kai ya ce Anti mi ya sa wanga anka tara wancan kuma anka yi sau, ba zane ɗaya ba ne? kuma mi ya sa ake ɗora ƙaramin 2 bisa cm a amsa ta biyu. Wallahi shiru na yi. Ƙarshe na ce mai haka dokar take ka haddace kawai. Bai ƙare nan ba, a ƙasan shafin akwai rabi a raba da kwata, na ce ya juya na biyun ya yi sau kamar yadda anka koya mana, amsa ta fito 2, ya ce to ya za a raba abu kuma ya ƙaru, rabi munka fara da shi fa. Nan ma ban da ta cewa. Daren nan ban yi barcin kirki ba don na ga yaro ɗaya ne yau, gobe aji guda za a ba ni.

Tambayoyina uku ne. Shin iya ina ya kamata malamin firamare ya sani cikin waɗanga fannoni, ko ya wadatar in iya fitar da amsa daidai? Na biyu ta ina zan fara gyara tunda tushen ne babu. Na uku wanga furobabiliti, na gani a littafin 'yan aji biyar ana cewa a jefa kwabo a jefa dayis, ni tsoro nake ji kada iyayen yara su ce malama tana koya musu caca, kun san garinmu. Na gode Allah ya saka da alheri.

Tsohon Hedimasta:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Abin da nika so ki fara sani shi na, yaron ga da yat tambaye ki ba ƙure ki yay yi ba, yaro na mai hankali, kuma rashin barcin da kinka yi shi ag gaya min za ki yi malanta ta ƙwarai in sha Allahu. Ni Giredi Tu niy yi tun kahin a maida NCE mafi ƙarancin shaidar koyarwa, na koyar wajen Bodinga da Dange har niy yi ritaya, kuma abin da zan gaya miki ba a kwaleji na koye shi duka ba, yara sunka koya min da irin tambayoyin ga.

Batun kewaye da girman fili, aje fomula tukun. Ki samu alli ki zana wanga rektangul bisa siminti babba, taki 8 da taki 5, ki ba yaron igiya shi bi gefe-gefe har shi komo inda yaf faro, sannan ku auna igiyar. Kewaye ke nan, tsawon katanga in da gida za a gina. Shi ya sa aka tarawa, gefe huɗu na aka bi ɗaya bayan ɗaya. Sannan ki ja layuka ciki ki raba shi gida-gida kamar gidan dara, kowane gida taki ɗaya ta kowane gefe, ki ce shi ƙirga. Zai fara ɗaya biyu ukku, kahin shi kai ashirin zai lura kowane layi gida 8 na kuma layi 5 ne, da kanshi zai ce takwas sau biyar. Kar ki riga shi faɗi, ki bari ta fito bakinshi. Ƙaramin 2 ɗin kuma yana nuna cewa abin da anka ƙirga 'yan murabba'ai na masu tsawo da faɗi, ba tsawon igiya ba. Gidan da ad da tayil ya fi sauƙi, tayil ɗin kansu su na gidajen.

Kuma kada ki ɗauka wanga abin yara na kawai. Filin da aka sayarwa garin ga 50 da 100, kewayenshi ƙafa 300, cikinshi ƙafa murabba'i 5,000. Wani fili 75 da 75 shi ma kewayenshi ƙafa 300 amma cikinshi 5,625, bulon katanga ɗaya za ka saye amma wani ya fi wani wuri. Na taɓa zama sulhu tsakanin wasu 'yan uwa biyu, ɗaya ya ba ɗaya 50 da 50 cikin fili 100 da 100 yana ganin rabi ya ba shi tunda hamsin rabin ɗari ta, alhali kashi ɗaya cikin huɗu na, 2,500 cikin 10,000. Dattawa na masu iyali, kuma ba mugunta yay yi nufi ba, tun firamare ba a zana mishi gidajen dara ya ƙirga ba.

Da'ira kuma ki sa kowane yaro shi zo da abu mai zagaye daga gida, faifai, murhin tukunya, marhin bokiti, tire. Su zagaya baki da zare su auna, su auna ta tsakiya daga baki zuwa baki, su raba na farko da na biyu. Mai ƙaramin faifai da mai babban tire duk za su samu ukku da ɗan ɗoriya, wani 3.1 wani 3.2 saboda zare yana jayuwa. To sannan ki gaya musu sunan wagga lamba pi, ana kimanta ta 3.14 ko 22 bisa 7. Ranar da niy fara yin haka wata yarinya cewa tay yi Malam wa yag gaya ma tukwanen duka su yi daidai. Har yau ban manta ba.

Alwatika ma haka. Kowa shi yanka tashi da takarda yadda yag ga dama, doguwa ko gajera, shi yage kusurwa ukkun shi jera su baki da baki, za su kwanta bisa miƙaƙƙen layi, digiri 180 ke nan. Kuma ki je wurin magina in suna fitar da harsashin gini ki gani, suna auna 3 ta nan 4 ta can, in tsakaninsu ya ba da 5 kusurwa ta tsaya cak. Wannan shi na abin Paitagoras, 3 sau 3 da 4 sau 4, wato 9 da 16, sun ba da 25 wato 5 sau 5, da yawansu ba su san sunan ba amma da shi suka aiki kullum.

Abu guda da zan ja kunnenki, in za ki zana murabba'i ko alwatika bisa allo kar ki dinga zana su zaune daidai kullum. Ki juya su, ki tsaida murabba'i bisa kusurwarshi. Yara da yawa in sunka ga haka cewa suka yi ba murabba'i ba na, don kama sunka haddace ba sifa ba. Ki tambaye su gefen nawa na, sun yi daidai ko ba su yi ba, kusurwoyin fa. Allah shi yi miki albarka, aljabra da furobabiliti na bar ma waɗanda sunka fi ni.

Malamin Ƙauye:

Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa gaskiya ne amma bari in gaya wa 'yar uwata abin da za ta tarar. Ni yanzu haka ajin da nake riƙe yara sun haura 90, rabi a ƙasa suke zaune, allin ma wani lokaci da kuɗina nake saye, darasi minti 35 ko 40 ne kuma kafin ka samu su yi shiru kwata ta tafi. A haka za ka ce kowa ya fito da faifai da zare? in ka juya baya biyu sun fara dambe da murfin tukunya. Ga silabus yana jiranka ga jarabawar shiga JSS wadda ba ruwanta da dalili, amsa kawai za a zaɓa A B C D. Shawarata ki ci kwas ɗinki kada ki samu kari-oba, ki iya fomula da kyau, ki iya rubuta lesin not mai tsabta don shi sufabaiza zai fara dubawa a TP, ki tanadi kwali biyu uku masu zane ki rataya. Sauran in kin kama aiki kin ga irin ajin da aka ba ki sai ki san abin da zai yiwu. Ba ina kashe miki gwiwa ba ne, na ga waɗanda suka zo da zafi wata uku suka sare.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ni ba malama ba ce, aikin jinya nake, amma tambayarki ta uku ta taɓa ni shi ya sa na kasa wucewa. Ƙanwata don Allah ki koyi lissafin yiwuwar nan da kyau kuma ki koyar da shi, don rashin fahimtarsa ina ganin abin da yake jawowa da idona.

Kin san maganar jinotayif. In miji AS ne mata ma AS ce, wato dukansu suna ɗauke da ƙwayar sikila ɗaya, kowane ciki yaro zai ɗauko ɗaya daga uba ɗaya daga uwa, hanyoyi huɗu ke nan, AA, AS, SA, SS. To yiwuwar ya zo da sikila, wato SS, ɗaya ce cikin huɗu. Matsalar ita ce yadda mutane ke jin wannan magana. Sau nawa na ji an ce ai ɗaya cikin huɗu ne, mun riga mun haifi mai sikila, uku masu zuwa lafiya lau za su zo. Ko kuma a ce za mu haifi uku mu tsaya kafin na huɗun. Har masu digiri na ji sun faɗi haka. Alhali kowane ciki sabon lissafi ne, bai san abin da ya faru a cikin da ya gabace shi ba, ana iya samun uku a jere duk SS, ana iya haifar shida babu ko ɗaya. In kika lissafa ma'aurata irin waɗannan da za su haifi yara huɗu, yiwuwar a ce duk huɗun sun tsira uku bisa huɗu ne sau kansa har sau huɗu, 81 cikin 256, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wato ya fi yiwuwa a samu aƙalla ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwana da yaro mai sikila cikin hunturun Sakkwato ciwon ƙashi ya taso masa ya san ba lamba ce kawai ba.

Ban ce ki je aji biyar ki yi musu darasin aure ba. Amma ga yadda za ki yi babu dayis babu karta balle a ce caca. Samu jaka biyu, kowace ki saka wake ɗaya fari ɗaya ja, ko murfin lemo kala biyu. Yaro ya rufe ido ya zaro ɗaya nan ɗaya can, a rubuta a allo, a mayar, wani ya zo. Ku yi sau 40. Kafin a fara ki tambaye su sau nawa suke zaton ja da ja za su haɗu. Za a samu kusa da 10, wataƙila 7 wataƙila 13, kuma za su ga da idonsu wani lokaci ja da ja sun fito sau biyu a jere wani lokaci a daɗe ba a gani ba. Yarinyar da ta ga wannan tana shekara 11, ranar da aka yi mata bayanin AS tana shekara 20 za ta gane abin da ake nufi.

Kwabo kuma yaran yanzu ina suka gan shi, an daɗe ba a kashe sulalla a kasuwa. In kika ce za ki maye da murfin kwalba ki sani ba rabi da rabi yake faɗuwa ba don gefen biyu ba iri ɗaya ba ne, wannan ma darasi ne mai kyau, su jefa sau 50 su gano da kansu wane gefe ya fi zuwa.

Sai maganar da na san wani zai kawo, cewa ai komai ƙaddara ce. Haka ne, kuma lissafin bai ce ya san gaibu ba, ba ya gaya miki wane ciki ne ko wace rana ce. Manomi in ya ga hadari ya haɗo daga gabas cikin watan Agusta ya kwashe shanyarsa ba wanda zai ce ya yi duba, ya ga alama ne ya yi abin da hankali ya ba shi. Haka za ki faɗa wa duk uban da ya zo da tambaya.

Malam Mai Lissafi, Arkilla:

Malama barka da ƙoƙari. Ni lissafi nake koyarwa a JSS, wato yaran da kuka yaye mu ke karɓarsu, don haka bari in gaya miki abin da ke zuwa mana a karye.

Duk shekara satin farko ina rubuta wa 'yan JSS 1 wannan a allo, 8 + 4 = akwati + 5, in ce me za a sa a akwatin. Mafi yawa 12 suke rubutawa, wasu 17, kaɗan ne ke cewa 7. Dalili shi ne shekara shida suna ganin alamar daidai a matsayin "amsa na zuwa", ba wanda ya nuna musu cewa ma'anarta abin da ke hagu nauyinsa ɗaya da abin da ke dama. Yaron da bai gane wannan ba in ya haɗu da x sai dai ya haddace cewa in lamba ta tsallaka sai ta canza alama, ya yi ta tsallakar da ita bai san me ya sa ba, ranar da tambaya ta ɗan karkace ya tsaya. To aljabrar firamare ba x da y ba ce tukuna, wannan akwatin ne. Ki kawo musu misalin sikeli mai kwano biyu irin na masu awo, in ka cire dutse daga kwano ɗaya dole ka cire irinsa a ɗayan in kana so ya zauna daidai. Babu wata lamba da ke tsallaka ko'ina, abu ɗaya ake cirewa daga gefe biyu. Da hanga ta rataye kaya da leda biyu za ki haɗa sikelin da zai yi aiki a aji. Kuma ki dinga juya rubutun, wani lokaci 12 = 8 + 4, wani lokaci 9 + 3 = 10 + 2, don idonsu ya saba.

Rabi a raba da kwata da yaronki ya tambaya, sauya tambayar kawai. Kina da rabin mudun gero, kina da gwangwanin da ke cin kwatan mudu, sau nawa za ki cika shi? Sau 2. Rabawa tambaya ce ta "guda nawa ke ciki", in abin awon ƙarami ne dole adadin ya yi yawa. Geron bai ƙaru ba. Kuma dalilin juyawar shi ne kowane mudu ɗaya yana da kwata 4, to rabin mudu yana da rabin 4.

Wani abu da nake so ki cire a ranki shi ne ganin aljabra kamar baƙon abu na Turawa. Kalmar kanta daga Larabci take, al-jabr, daga littafin Muhammad bin Musa al-Khwarizmi da ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, kuma babban ɓangare na littafin kan lissafin gado da wasiyya ne. Malamanmu na zaure da ke rabon gado a garin nan aikin da suke yi ke nan. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2, mata 3, iyayensa sun riga shi, bayan an biya bashi da wasiyya saura naira 800,000. Matar tana da tumuni, 100,000, saura 700,000. Namiji yana da rabon mace biyu, to in rabon 'ya mace shi ne abin da ba mu sani ba mu kira shi x, maza biyu 2x da 2x, mata uku 3x, duka 7x = 700,000, x ya zama 100,000, kowane namiji 200,000. Ki lura x ba yana nufin "mace" ba, yana nufin adadin kuɗin da za ta samu. Wannan kuskure ne da malamai da yawa ke shukawa, su ce a ayaba ce b biredi ne, sai yaro ya ɗauka harafi sunan kaya ne alhali lamba ce da ba a sani ba tukuna.

Ga wasa ɗaya na 'yan aji huɗu zuwa shida. Da tsinken ashana ko na tsintsiya a yi murabba'i, tsinke 4. A manna na biyu a jikinsa, 7. Na uku, 10. Ki tambaya na goma fa, na ɗari fa, ba tare da an jera ba. Wani zai gano kowane sabon ɗaki tsinke 3 yake ci, sai guda ɗaya na farko, ɗaki 100 tsinke 301. Ya riga ya faɗi 3n + 1 (n shi ne adadin ɗakuna) da bakinsa da Hausa, rubutawa kawai ta rage mana a JSS.

Malamin Ƙauye, na yarda da kai kan yawan yara don ni ma ina fama, amma ban yarda ta jira sai ta kama aiki ba. Ba kowane darasi za a fita waje ba, sau ɗaya a sati ma ya isa, kuma a aji 90 yara shida za ka fito da su gaba su yi sauran na kallo suna faɗin zatonsu. Abin da ya fi muhimmanci ita kanta ta san dalilin, don ko da alli kaɗai gare ta in yaro ya rubuta 17 za ta gane ta ina ya bi ya samu 17 ta gyara daga nan, wanda bai sani ba jan biro kawai zai sa ya wuce.

Ta ina za ki fara, nemi littattafan lissafi na aji huɗu, biyar, shida da na JSS 1 ko tsofaffi ne, da manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar karatu, ki ga yadda aka jera batutuwan. Kullum batu ɗaya, ki yi aikin, sannan ki tambayi kanki me ya sa, ki gwada bayyana shi da Hausa da baki kamar yaro na gabanki. Inda Hausar ta maƙale nan ne ba ki gane ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu 'yan ajinku kuna yi wa juna, kafin TP za ki ga bambanci, kuma zai taimake ki har jarabawar TRCN, hukumar rajistar malamai.

'Yar Mabera:

Na gode ƙwarai Baba, na gode Yaya, na gode malamai duka, Allah ya biya ku. Jiya da yaron ya zo na ce mai ranar nan ban ba ka amsa mai kyau ba zo mu sake. Munka zana a tsakar gida da gawayi don ban da alli, ya bi da igiyar shanya, sannan ya shiga ƙirga gidaje, a layi na uku ya tsaya ya ce Anti ai takwas-takwas ne. Innarmu tana tankaɗe tana kallonmu har ta sa baki. Na ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa na ce wanga alwatika fa gida nawa, ya ɗan yi shiru ya ce 20 tunda rabi ne, ni kaina a lokacin na gane inda rabin da ke cikin fomular alwatika ya fito. Na gero ma mun yi da gwangwani ya yarda.

Malamin Ƙauye na ji maganarka kuma ba zan yi wasa da lesin not ba. Mu huɗu munka shirya za mu dinga zama bayan lakca ranar Talata da Alhamis. Amma Baba ga wata, zaren da faifai na gane shi don kewaye, to girman cikin da'ira fa, pi sau r sau r, shi kuma ta ina ya fito? gidajen dara ba su shiga daidai a bakin da'ira, na gwada duk sun yanke.

Tsohon Hedimasta:

Madalla ɗiyata. Ki ɗora faifai bisa kwali ki zana ki yanke, ki ninke shi ki yanka yanka-yanka daga tsakiya kamar yadda mai kankana ka yi, kashi 16. Ki jera su kusa da juna ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa, za ki ga sun koma kusan rektangul. Tsayinshi daga tsakiyar faifai zuwa baki na, wato r. Tsawonshi kuma rabin bakin faifan na, don rabin ɓawon yana sama rabi yana ƙasa, wato pi sau r. Sai ki yi tsawo sau faɗi kamar jiya. In kinka yanka kashi 8 kawai bakin zai yi tudu-tudu yaron ba zai yarda ba, ki yi 16, kuma kahin ki yanka ki shafa ma rabin da'irar shuni ko jan biro don shi ga inda kowane rabi yat tahi.